Yadda Uwaisu Ya Raba Kwamfutar Malam

In ka shigo Wurno ka ce shagon Uwaisu kake nema, sai an tambaye ka wane Uwaisun. Ka ce mai raba kwamfuta, ko mai tallar goro ya kai ka. Shagon yana bayan masu sayar da bututun ban-ruwa, ɗan ƙuƙut, rabinsa cike da matattun rediyo da ya hana a zubar. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni Sa'adiyya na fi kowa ikon ba da labarinsa, don ni na fi kowa shan haushinsa, kuma ban ga wanda ya fi ni son sa ba in ka cire mutum ɗaya.

Uwaisu shi ne ɗan fari a gidanmu. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi zuwa Dinawa, can ya tashi cikin gero da awaki, sai da ya isa karatu aka dawo da shi gaban mahaifinmu, Malam Abdulƙadir. Malam yana karantarwa a zaure da safe, da yamma yana fadama wajen tafarnuwarsa. Yana da wata rakoda da ƙanensa ya kawo masa tsaraba daga aikin hajji, da ita yake ɗaukar karatun da yake bayarwa don ɗaliban da suka yi fashi. Uwaisu bai shekara biyu da dawowa ba ya kwance rakodar nan kaf, wai yana son ya ga inda muryar take kwana. Malam bai doke shi ba. Ya dai zaunar da shi ya ce ba abinci sai ya mayar da ita yadda take. Kafin la'asar ya mayar, har da rarar ƙusa ɗaya da har yau bai san mazauninta ba.

Daga nan hannunsa bai sake zama ba. Rediyo, fitila, injin ban-ruwan manoman albasa, daga baya wayar hannu. Da kwamfuta ta fara shigowa ya tafi Sakkwato ya zauna ƙarƙashin wani mai gyara, ya dawo da ƙaramin akwati da tsinin gemu, ya buɗe shagon da yake ciki yanzu. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, gemun ya yi furfura. Saurinsa dai yana nan inda yake, wato babu.

Wallahi nawar Uwaisu sai ta sa ka tsufa a tsaye. Ka kai masa abu, ba zai taɓa ba sai ya gama tambayarka wa ke amfani da shi, da yaushe, da wane hannu. Sannan ya ce ka zauna ka kunna a gabansa yana kallo. Ya ce baki yana mantuwa, hannu ne ke faɗin gaskiyar yadda mutum yake aiki. Na sha ce masa shi mai gyara ne ko alƙali, sai ya yi murmushi ya ci gaba da kallon hannun mutane.

Sunan mai raba kwamfuta kuwa daga wani mai shagon buga takardu na Rabah ya samo shi. Mutumin yana da tsohuwar na'urar bugawa da ba ta jin maganar kowa sai tsohon tsarin kwamfuta na Windos, ɗansa kuma yana son sabo. Duk inda suka je sai a ce a share komai a zuba sabon, na'urar ta tafi bola. Uwaisu ya ce ba a yi haka ba. Ya raba rumbun kwamfutar gida biyu, tsoho a nan, sabo a can, ya sa in an kunna ta sai ta fara tambaya ina za a shiga. Yadda yake bayani ke nan ga kowa: gida ne aka ja wa katanga a tsakiya, zaure ɗaya, kowa ya shigo ya nufi ɓangarensa. Labari ya kai Goronyo, ya kai Marnona. Gidajen da ke da kwamfuta ɗaya da mutum biyu masu jayayya a kanta suka riƙa zuwa, shi kuma yana raba musu, ba ya share wa kowa nasa.

To, ga mutum ɗayan da na ce a cire. Mahaifiyarmu, Inna Habi, tun da ta haifi Uwaisu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da, ita kuma ta riƙe ta da hannu biyu. In ya zo gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta juya fuska wajen bango ta amsa da kalma ɗaya. In tana da saƙo, ni ake ba: "Ki ce ma mai gyaran ga fitilata ta mutu." Yana zaune nan, yana ji, amma sai na maimaita. Ni da sauran ƙannensa mun hau cinyarta, mun ci daga kwanonta, mun yi mata rashin kunya. Shi ko sannu da aiki bai taɓa samu ba. Abin yana ci mini rai tun ina yarinya, shi kuwa ko a fuska.

Da Malam ya tsufa, Uwaisu ya haɗa masa kwamfutar cinya daga gawar wasu guda biyu, ya bi kaset-kaset ɗin karatun nan ɗaya bayan ɗaya ya juye su ciki kafin zafi ya cinye su. Malam ya ji daɗinta shekara kaɗan, Allah ya yi masa rasuwa. Kwamfutar ta koma ɗakin Inna. A lokacin idonta ya riga ya yi yana, haske kawai take gani da inuwar mutum. Uwaisu ya saita ta yadda da an kunna, in ta yi ɗan kiɗanta na buɗewa, karatun zai fito da kansa. Ya manna 'yan duwatsun ado a kan madannan da take bukata: na kunnawa, na gaba, na baya. Ni na koya mata, don shi ba dama. Mun gwada ba ta waya, ta ce abu sumul ba inda yatsa zai kama, a kai kasuwa. Mun kawo ƙaramar rediyo mai katin ajiya, ta ba jikoki. Ita dai abin da Malam ya taɓa da hannunsa take so.

Kullum da hantsi, in ta gama lazimi ta sha kunu, sai ta saki labule ta tura ƙofa. Daga tsakar gida ba ka jin komai sai ɗan gunaguni ƙasa-ƙasa. Ba ta taɓa cewa tana kewar Malam ba, sunansa ma ba ta faɗi, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba. Amma duk wanda ya ga fuskarta in ta ɗaga labulen nan ya san abin da ke riƙe da ita ke nan a duniya.

Sai ga Rumaisa. Ɗiyata ce, amma a ɗakin Inna take kwana tun tana ƙarama, kullum cikin tsokanar juna suke. Tana karatun kwamfuta a Sakkwato, ta dawo dogon hutu da aikin makaranta da aka ce sai da wani abu wai shi Linuks ake yin sa, wani tsari ne dabam da Windos. Kwamfuta a danginmu kaf guda ɗaya ce mai lafiya. Yarinya ta kasa faɗi, tana ta kumbure-kumbure, sai da Inna ta gane da kanta.

"A ba ta," in ji Inna. "Ni mi nika yi da ita? Karatun yarinya ya fi."

Na kai wa Uwaisu magana. Ya ce, "Ba ba ta za a yi ba. Rabawa za a yi. Inna da hantsi, Rumaisa da rana, kowa da ɓangare nai." Na dawo na faɗa wa Inna haka, ta ce to. Ba ta tambayi komai ba, ni kuma na ɗauka ta gane.

Ranar aikin a shagon na wuni, don ban yarda da shi da Rumaisa su kaɗai a kan kayan Malam ba. Ya fara kwafe karatun duka zuwa wani rumbu na waje, ya buɗe wasu ya saurara don ya tabbata sun kwafu. Na ce, "Yaya, sallar azahar za ta same mu nan." Ya ce ko la'asar ta same mu ba laifi. Sannan ya matse ɓangaren Windos ya samar da fili, ya soka ɗan abin ajiyar nan filashi, ya zuba Linuks a filin. Akwai wurin da kwamfutar ta tambaya ko a share komai ne ko a zauna tare da wanda aka tarar. Nan ya ɗauke hannunsa gaba ɗaya, ya sa Rumaisa ta karanta da ƙarfi, ya karanta shi ma, sannan ya danna. Da aka gama ya sake kunnawa, sai ga baƙin allo da layi biyu, zauren nasa ke nan. Ka zaɓa da madanni, in ba ka zaɓa ba ta ɗan jira ta shige da kanta.

Nan ya yi wata dabara da yake ji da ita. Ya sa kwamfutar ta riƙa tuna wanda ya shiga ƙarshe, ta mayar da shi can in ba a taɓa komai ba. Masu shaguna suna son haka ƙwarai. Ya shiga ɓangaren Inna, kiɗan buɗewa ya tashi, ya kashe kafin karatun ya fara, ya miƙo mini. Abu ɗaya ne bai yi ba, abin da yake yi wa kowane baƙo daga Rabah har Goronyo: bai zaunar da mai kayan ta kunna a gabansa yana kallon hannunta ba. Ina zai fara? Inna ta mutu ta dawo ba za ta kunna muryar Malam a gaban ɗan farinta ba.

Washegari da hantsi labule ya sauka, gunaguni ya tashi, na ce alhamdulillahi. Da rana Rumaisa ta ɗauka ta shiga nata. Daga ranar kwamfutar ta riƙe Rumaisa a matsayin wadda ta shiga ƙarshe. Inna ba ta ganin baƙin allo, ba ta san akwai wani zaure ba. Ta danna dutsenta ta jira kiɗa, kwamfutar kuwa ta wuce da ita ɓangaren jika, inda ba kiɗa ba karatu. Rumaisa ba ta lura ba, don duk sanda ta buɗe nata take tararwa.

Ni dai abin da na gani shi ne Inna ta daina sakin labule. Da hantsi sai ta fito ta zauna gindin darbejiya tana ɓarar tafarnuwar da ba wanda ya sa ta. Tuwo ya riƙa dawowa da saura. Rumaisa ta tsokane ta da tsohuwa mai ran ƙarfe, ba ta rama ba, wanda a da sai ta mayar mata da uku. Na tambaya ko jiki ne, ta ce lafiya lau. Na sa aka auna jininta, ba komai. Haka muka yi makonni, tana ramewa a gaban idona ina ta zargin zafi.

Wata safiya na shigo aron rariya, ba ta ji sallamata ba. Na leƙa ɗaki, sai na gan ta zaune bakin gado da kwamfutar a cinya. Ta danna dutsen kunnawa. Ta karkatar da kai tana saurare, irin yadda take yi in tana jiran tafiyar wani a zaure. Ta daɗe a haka. Ta danna na gaba, ta danna na baya, shiru. Sai ta rufe murfin a hankali, ta share shi da gefen zanenta, ta mayar ƙarƙashin matashi.

"Inna, ba ta yi ne?"

Ta ɗan razana, ta gyara ɗankwali. "Ai an ba yarinya."

"Rabawa anka yi, Inna. Naki na nan ciki."

"Babu. Kullum ina dubawa, ko da an bar kaɗan. An share don a samu wurin karatunta, kuma ni na ce a ba ta."

"To mi yas sa ba ki faɗi ba?"

"In faɗa ma wa? In ce ma yarinya ta maido abin da nab ba ta? Ko in aika ma wancan cewa aiki nai bai yi ba?" Ta juya fuska. "Kar ki gaya mai. Ya yi ƙoƙari nai."

Raina ya ɓaci har na rasa da wa zan yi faɗa. Tsohuwa ta yi makonni tana ganin an share mata abin da take rayuwa a kansa, ta haɗiye don kara, tana ɓarar tafarnuwa. Ko rariyar ban ɗauka ba. Na ja mayafi na nufi bayan masu bututu, na tarar da shi ya sa wani ɗan ƙauyen Maikujera a gaba yana kallon hannunsa.

Ban jira mutumin ya tashi ba. Na ce, "Kai da kake raba ma duniya gida, ka kulle uwarka a waje." Na zazzage masa komai, har da ƙari. Bai katse ni ba. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, sukurdireban da ke hannunsa ya sauka kan tebur.

"Mai tuna na ƙarshe," ya ce, murya ƙasa. "Ba ta ganin zauren." Ya ba ɗan Maikujera haƙuri, ya rufe shago da rana tsaka. A rayuwata ban taɓa ganin Uwaisu yana sauri ba sai ran nan, ni ce a baya ina haki.

Ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba, ya gaida ta. Ta juya wajen bango ta ce, "Lafiya." Ta harare ni da idon da ba ya gani, na yi kamar ban san tana yi ba. Na ɗauko kwamfutar na ajiye masa a kan tabarma, Rumaisa ta tsaya a bayansa. Ya shiga ɓangaren Rumaisa ya cire dabarar tuna na ƙarshe. Ya sa ɓangaren Inna ya zama shi ne inda kwamfutar za ta nufa ko wa ya shiga jiya, ya rage jiran zauren. Ya ce da Rumaisa, "Ke mai ido ce, ke za ki riƙa zaɓe. Ita ba ta zaɓen komai, ta danna kawai." Sannan ya kashe, ya sake kunnawa, ya naɗe hannuwansa bai taɓa komai ba.

Kiɗan buɗewa ya tashi. Na ga kafaɗun Inna sun motsa.

Wannan karon bai kashe ba, don yana son ya tabbata har ƙarshe. Karatun ya fito da kansa daga inda ta tsaya ranar ƙarshe da ta samu shiga. Duk mun shirya jin muryar Malam yana fassara wa manyan ɗalibai. Sai muka ji shuuu ɗin tsohon kaset, da akuya can nesa, da sautin daka a cikin gida, sannan wata siririyar murya ta yaro tana biya allo. Yaron ya yi tuntuɓe a wani wuri. Muryar Malam ta ce, "Sake." Ya sake, ya kuma faɗi a wurin. "Sake." Ya ja numfashi ya sake, ya wuce.

Ni na fara ganewa, don na san wannan jan numfashin, har yau yana yin sa kafin ya danna abu mai haɗari. Uwaisu ne, sabon dawowa daga Dinawa, da harshensa na ƙauye. Rumaisa ta sunkuya ta dubi allon, ta nuna mini da yatsa. An sa karatun yaron ya riƙa maimaita kansa, shi kaɗai, cikin tarin karatun Malam. Ba mu muka koya mata wannan ba, da lalube ta gano abinta.

Kaset ya zagayo farko. A karo na biyu na ji abin da ban lura da shi ba: dakan nan da ake yi a cikin gida, yaron yana fara karatu sai dakan ya tsaya cak. Bai ci gaba ba sai da yaron ya kai ƙarshe. A shekarun can ba mai daka a gidanmu sai Inna.

Uwaisu yana durƙushe, kansa a ƙasa, mutum mai furfura a gemu. Ya kai hannu zai rage sauti. Inna ba ta juyo ba. Da bango take magana, ko da ni, yadda ta saba.

"Sa'adiyya, ki ce ma mai gyaran ga shi bar shi nan inda yake, kar shi taɓa." Yaron cikin kaset yana ta fama da wurin da ke kayar da shi. Sannan ta ce, "Yaron ga na da ƙoƙari. Ko ya faɗi, sai ya sake. Tun ran nan nis san zai yi albarka."

Na buɗe baki in maimaita masa saƙon kamar kullum. Shi ya ɗago ya girgiza mini kai, alamar ya ji. Ya miƙe, ya tura kwamfutar a hankali har ta taɓa ƙafar gadonta, ya sa hannu ya saki labulen da kansa, ya ja ƙofar.

A zaure na same shi yana neman takalminsa, alhali yana sanye da shi. Na ce, "Mai gyara, kuka kake?" Ya ce tafarnuwar Inna ce ta shiga masa ido. Na ce to, ni ma ita ce. Muka tsaya nan mu biyu, daga cikin ɗaki muna jin Malam yana cewa sake, yaron yana sakewa.